Wa Ke Share Fili Bayan An Tashi Daga Biki?

Kaka ta shigo, inda Allah ya ba da an kai gero rumbu, da dare kuma an fara jin kiɗan kokowa daga ƙauyukan da ke kewaye da mu. Nan da ƴan makonni hankalin ƙasa gaba ɗaya zai koma kan gasar takobi, kowa da rediyo manne a kunne. Lokacin ne muke tunawa da filayen wasanmu. A share, a yayyafa ruwa, a jera buhunan rairayi, a aro kujeru daga lakwal a ajiye wa manyan baƙi. Ana tashi daga biki kowa ya kama gabansa, fili ya koma wurin kiwon awaki da zubar da shara har wata shekara.

A sharhinmu na yau muna so mu tsaya kan tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba. Filin wasa na jama'a, wa ke da shi, kuma wa zai tashi in ya fara mutuwa? Za mu bi ta hanya mai nisa, ta wasan tanis. Mun san wani zai yi dariya, don tanis ba wasanmu ba ne a nan Bune, da yawanmu a talabijin kaɗai muka taɓa ganin mutum biyu suna buga ƴar ƙwallo ta tsallake raga. Ku yi mana haƙuri, za mu dawo gida, kuma ba hannu sake ba.

A birnin New York na ƙasar Amurka, a bakin kogin Hudson, akwai filayen tanis guda 10 na jar ƙasa a cikin wani lambun shaƙatawa na gwamnati da ake kira Riverside Park. A 1975 birnin ya kusa talaucewa, aka rage ma'aikata, aka rage kuɗin kula da lambuna da filayen wasa, abubuwa da yawa suka lalace. Da aka shiga shekarun 1980 sai hukuma ta ga hanya mafi sauƙi ita ce ta malale waɗannan filaye da kwalta a huta. Masu wasa a wurin suka ce a'a. Suka kafa ƙungiya a 1984, suka ce wa hukuma ta bar musu ɗawainiyar wurin, su za su share, su za su ba shi ruwa, su za su nemi kuɗin gyara. Shekara 40 ke nan da ɗoriya, filayen suna nan ana wasa, kuma har gobe mallakar birni ne, duk wanda ya yanki takardar izinin wasa ta hukuma yana da damar shiga.

Abin da ya sa hukuma ta so kwalta shi ne abin da ya fi jan hankalinmu. Filin jar ƙasa na tanis garin jan bulo ne da aka niƙa aka shimfiɗa, aka daddaɓe. Kullum sai an yayyafa masa ruwa, in ba haka ba ya bushe iska ta kwashe shi. Sai an ja masa tabarmar share ƙasa bayan wasa don ramukan da ƙafa ta tona su cike, a goge layukan, a bi shi da abin daɓe. A bar shi wata biyu ba hannu, ciyawa ta fito, ruwan sama ya yi masa kwari, ya tashi daga aiki. Duk wanda ya girma a gidan ƙasa ya riga ya gane wannan magana. Kafin damana ana yaɓe, ana duba indararo, ana toshe tsaga tun tana ƙarama, kuma babu shekarar da ake cewa an gama. Mun ga abin da ya faru ranar 3 ga Satumba 2024 a unguwar Birni ta Damagaram, da tsohon masallacin ƙasa da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube bayan ruwa mai ƙarfi. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba, ruwan shekarar ya wuce misali, ya ci gidaje da rayuka a jihohi da dama. Sai dai ginin da ya tsaya sama da shekara 150 hannun mutane ne ya riƙe shi tsawon wannan lokaci, kaka da kakanni suna bi suna yaɓe.

Yanzu mu zo Afirka, inda labarin ya ɗauki wata hanya. Arthur Ashe baƙar fata ne ɗan Amurka, wanda ya ci babbar gasar ƙasarsa a 1968, ya ci ta Ostireliya a 1970, ya ci ta Wimbledon a Ingila a 1975. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta sha hana shi takardar shiga ƙasar, sai a 1973 ta bar shi ya zo ya yi wasa. Daga wannan zuwa ne aka samu cibiyar tanis da ke ɗauke da sunansa a unguwar Jabavu ta Soweto, wadda aka gina a 1976 don ƴaƴan baƙar fata. Shekarar ce kuma ɗaliban Soweto suka yi boren 16 ga Yuni, unguwar ta shiga shekarun wuta. Cibiyar ta rasa mai kula da ita, aka farfasa, aka kwashe abin da ke kwasuwa, ta zama kango shekara da shekaru. Sai a 2007 aka sake buɗe ta bayan an zuba kuɗi mai yawa. Aka yi gasar ƙasa da ƙasa a wurin a 2009 da 2010 da 2011, Venus da Serena Williams suka ziyarce ta a 2012, aka sake gasar a 2013, daga nan ta tsaya saboda rashin mai ɗaukar nauyi.

Wannan Ashe ɗin, a gefen magana, shi ne yana tsakar wasa a Legas a watan Fabrairun 1976, kwana uku bayan kashe Janar Murtala Muhammed, sojoji suka shigo fili da bindiga suka kore su. Shi ne kuma ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana wasa a Yawunde ta Kamaru a 1971, ya yi masa hanya zuwa Faransa. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Roland-Garros a 1983, a kan jar ƙasa.

Ku dubi bambancin wuraren nan biyu. Na Soweto yana da babban suna, yana da tarihi, an ba shi kyauta daga sama sau biyu. Na New York ba wani sarki da ya aza harsashinsa a idon duniya, amma yana da mutanen da in suka wayi gari ba a ba fili ruwa ba, su ne za su rasa wurin wasa da marece. Mu a nan wanne muka fi kama da shi? Amsar ba ta da daɗi.

A 2006, da aka fara da Damagaram, aka soma zagayawa da bikin 18 ga Disamba daga jiha zuwa jiha. Da aka farfaɗo da shi aka yi Doso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, sannan namu Zinder Sabuwa a 2018, shekarar da Jamhuriya ta cika 60. Kowane zagaye ana yin tituna, ana sa fitilu, ana gyara filayen wasa da gidajen al'adu, kuma babu mai musun cewa birane sun canza fuska. Matsalar tana zuwa ne washegarin biki. Kuɗin gini yana da mai shi, ana yanka kyalle a kansa, ana ɗaukar hoto. Kuɗin canza kwan fitila ɗaya, ko gyaran famfon da ke ɗiga, ko albashin mai gadi, shi ne maraya. Ko a sama haka abin yake. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 1989, ya karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005, ya karɓi gasar matasan Afirka ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Amma da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ce bai cika ƙa'ida ba, sai ga Mena tana karɓar baƙi a gidan aro. Ranar da muka ci Zambiya 2 da 1 a watan Nuwamba 2023, a Marakesh ta Maroko aka yi wasan, alhali a takarda mu ne masu masaukin baƙi. In filin ƙasa ya shiga wannan hali, ina ga na Gure, ina ga na komin irin tamu?

Dattawa in ana wannan hira sai su ce, ai da akwai Samariya. Gaskiyarsu. A zamanin Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an ɗauko tsohon tsarin samarin gari da sarkin samarinsa aka mai da shi ƙarfin aiki na ƙasa. Samariya ta gina azuzuwa, ta share gari, ta dasa itace, ta yi bulo. A wannan zamani ne aka fara gasar kokowa ta ƙasa, a Tawa a 1975, wadda Yacouba Kantou na Maraɗi ya ci, aka kuma fara ranar dashen itace ta 3 ga Agusta. Da guguwar jam'iyyu ta zo a farkon shekarun 1990 Samariya ta watse, samarin unguwa ɗaya suka rabu gida-gida. Amma mu faɗi ɗaya gefen, don waɗanda suka yi zamanin suna faɗa in hira ta yi nisa: ba duk wanda ya fito aikin gayya ba ne ya fito don ransa ya so. Akwai ido a kan kowa, akwai tsoron a ce wane bai zo ba. Aikin da tsoro ke riƙe da shi, ranar da tsoron ya kau yakan faɗi tare da shi. Don haka masu cewa a maido da Samariya yadda take, muna ganin sun tuna rabin labari ne.

Abin da ya biyo baya kuma ya yi wa gayya wata illar. Shekaru muna ganin ayyukan da ake biyan mutane kuɗi ko abinci don su gyara ƙasarsu, kuma a shekarar yunwa wannan kuɗi ya ceci gidaje, babu mai raina shi. Sai dai ya bar mana ɗabi'a. Yau ka yi shela a rediyo cewa gobe za a share filin ƙwallo, waya ta farko da za ta shigo tambaya ce, akwai ɗan abin shan ruwa? Ba mu ga laifin mai tambayar sosai ba. Wanda ke sa kai a New York yana da albashi ko fansho, yana da motar da za ta kai shi. Namu saurayin da an gama girbi hankalinsa na kan ci-rani, ko Nijeriya, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya na arewa. Lokacin da fili ya fi buƙatar hannu, hannun ya tafi neman abinci. Duk shawarar da ba ta yi lissafi da wannan ba, maganar fatar baki ce.

Filayenmu a nan yankin Gure abokan gaba biyu ke gare su. Na farko rairayi. Mu da muke zaune tsakanin tuddai da kwaruruka mun san yadda iskar hunturu ke tafiya da ƙasa, yau ta rufe gona, gobe ta hau katanga, ta gangara kan dabino da kanwa. Kuma mun san maganinsa, don an daɗe ana yinsa a Gure da Maine-Soroa: a kafa shingen kalimbo ko na kaba a gefen da iska ke fitowa, a yi shi gida-gida kamar dara, a dasa itace a ciki, a hana dabba shiga har ya kama. Ilimin yana hannun mutanenmu, mata da maza. Ba mu taɓa zama mun ce filin da yaranmu ke gudu a kai shi ma ya cancanci layi biyu na shinge ba.

Na biyu ya fi rairayi sauri, shi ne mutum. Gari na girma, fuloti na kuɗi, fili mai faɗi a tsakiyar gari kuwa kowa na kallonsa. Ba a cinye shi rana ɗaya. Wani ya kafa rumfa a kusurwa, wani ya jibge bulo ya ce na ɗan lokaci ne, wani ya ja katangarsa taku uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuma lotisma ta zo, filin da ba shi da takarda sunansa fili kawai. Wannan ma ba a kanmu aka fara ba. Filin Brook Field na birnin Richmond, wanda aka ware wa baƙar fata zamanin wariya, inda Arthur Ashe ya fara riƙe abin buga ƙwallo, daga baya rushe shi aka yi aka gina babban gidan waya a wurin.

A nan ne muke ganin aikin sa kai na farko ba tsintsiya ba ce. Tun 1993 ƙasarmu ke da dokar ƙasar karkara, kuma a ƙarƙashinta akwai kwamitocin ƙasa na ƙauye da na komin da na gunduma, waɗanda muka sani da COFOB da COFOCOM da COFODEP. Mun saba jin sunansu a rigimar gona da burtali da mashayar dabbobi. Me zai hana samari da dattawan gari su je tare da mai gari, a zagaya filin wasa a gaban shaidu, a auna, a kafa turakun iyaka, a rubuta a ma'aikatar magajin gari cewa wannan na jama'a ne? Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun watan Afrilun 2024, da aka rusa majalisun da aka zaɓa aka naɗa kantomomi. Kantoma na iya zama mutumin kirki mai son wasa, amma yau yana nan gobe an canza shi, kuma sau da yawa ba ɗan garin ba ne da zai san cewa wancan fili tun zamanin kakanni a nan ake kokowa. Alkawarin baki da shi yake tafiya. Takarda ita ke zama a cikin durowa.

Sai maganar mai gadi, wadda muka fi so a duk labarin tanis ɗin nan. Mahaifin Arthur Ashe shi ne mai kula da filin Brook Field, gidansu a cikin filin yake, yaro ya buɗe ido ya ga raga a ƙofar gida. Bayan shekaru masu yawa aka sake irin haka. Frances Tiafoe, wanda ya kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasar Amurka a 2022, iyayensa ƴan Saliyo ne, mahaifinsa leburan gini ne a wata cibiyar tanis a jihar Maryland, da aka gama aka ɗauke shi mai kula da wurin, yaran suka riƙa kwana a can. Venus da Serena ma a filayen gwamnati na unguwar Compton suka koya. Ba muna cewa kowane ɗan mai gadi zakara ne ba. Muna cewa wurin da ke da mutum guda wanda aikinsa ke nan, safe da marece, ba ya zama kango. Masu sa kai suna zuwa ranar Asabar, ɓarna kuwa ba ta da ranar hutu. Ko ƙungiyar New York ɗin da muka yaba, da tafiya ta yi nisa sai da ta ɗauki ma'aikatan da take biya. In ƙungiyoyin ƙwallo na gari da masu shirya kokowa za su ware wani abu daga kuɗin ƙofa, ƴan kasuwa su ɗora, komin ta cika, jika kaɗan a wata sun isa a ce wane shi ne mai filin nan, a san wanda za a tambaya.

Akwai haɗari a ciki, kuma gara mu faɗe shi da kanmu. Kwamitin da ya gyara wuri yakan wayi gari yana jin wurin nasa ne. A sa ƙofa, a sa kwaɗo, makulli a aljihun shugaba, ƙungiyarsa ta yi atisaye da marece, yaran wata unguwa su tsaya a waje. Ƴan mata kuwa ba a ma sa su a lissafi, alhali su ne ke ɗebo ruwan da aka yayyafa. Mun ga irin wannan a kwamitocin famfo da na lakwal: inda ake karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a abu na tafiya, inda asusu ya koma sirrin mutum biyu sai famfo ya mutu a rasa kuɗin ƙarfe ɗaya. Mu kanmu ma'aikatan rediyon al'umma ba baƙin wannan ba ne. Tun da aka buɗe ta farko a Bankilare a 1999, gidaje nawa ne suka yi shiru don batir ya mutu ko na'ura ta ƙone, kwamiti kuma ya watse? Haɗari na biyu shi ne hukuma ta ga an samu masu yi, ta naɗe hannu. Gyaran katanga da rijiya da fitila ya fi ƙarfin tsintsiyar samari, kuma haraji da kuɗin kasuwa da komin ke karɓa na jama'ar nan ne.

Wani mai saurare zai ce, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro ku kuna maganar filin wasa. Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ƙarfin da ke jikin saurayi sai ya samu inda zai zuba shi. Wanda ya kalli fim ɗin da Aïcha Macky ta yi a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya ga yadda suka haɗa wa kansu wuraren ɗaga ƙarfe da tarkacen mota da siminti, ba wanda ya gina musu. Niyyar tana nan, inda za ta nufa shi ne abin dubawa. Lambobin Olamfik biyu da ƙasar nan ke da su, ta tagulla da Issaka Daboré ya ci a dambe a 1972 da ta azurfa da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci a taikwando a 2016, shekara 44 ke tsakaninsu. Tsakanin nan yara nawa ne suka tashi a Bune da Gure da Gidigir da ƙafa mai gudu, ba su samu ko wurin da za a gan su ba?

Mu dai a nan gidan rediyo, abin da ke hannunmu shi ne makirfo. Kwamitin da ya kafu a kowane gari, in ya kawo lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, za mu karanta shi a iska kyauta, da Hausa da Kanuri da Fulatanci. Za mu kuma nemi zama da hukumar komin kan tambaya ɗaya: filayen wasa nawa ne a ƙasar Bune ke da takarda? Masu shirin tafiya ci-rani kuma, kafin ku ɗaure kaya, iskar gabas ba ta yi ƙarfi ba tukuna, kalimbo na nan a bakin tudu.